Habibu Na-Kanal da Layuka Huɗun da Ya Goge

Shekara tara ke nan a wannan watan da muka ɗauki Malam Habibu daga gidansa na Zaitawa muka kai shi makwancinsa. Taubashina ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka duk wanda ya ga na zolaye shi a wannan shafi kada ya ce na ci mutuncin mamaci. Haƙƙi ne da muka gada, kuma da ni na riga shi tafiya na tabbata ba zai raga mini ba. Ni malamin firamare ne mai ritaya, shi kuwa mai gyaran kwamfuta ne, yana da ɗan shago inda yake koya wa mutane buga rubutu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi furfura, kuma ba don Allah ya tsare ba da bakina ya sa an harbe shi. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa.

Habibu mutum ne mai haƙuri da kowa da komai, ban da rubutun da ya daina faɗin gaskiya. Akwai wani gida a layinmu da aka rubuta wa "Ana sayar da ƙanƙara" a bango. Firjin ya mutu, mai firjin ta yi aure ta koma Dala, rubutun yana nan daram, duk azumi sai ka ga baƙo ya tsaya da kwano yana ta rafka sallama. Mu dariya muke yi. Shi kuwa abin ya hana shi sakat, sai da ya nemi izinin maigidan, ya zo da fenti ya shafe. Katin ɗaurin aure in ya zo masa da kuskure, zai halarta, zai yi addu'a, sannan ya ja uban ango gefe ya nuna masa inda aka sa "k" a wurin "ƙ".

Wanda ya zauna a Kano a shekarun tashin hankali ba ya bukatar tuni. Shinge a kowace mahaɗa, ka sauka daga babur ka tura, ka ɗaga hannu ka wuce. Tayar mota ta fashe, kasuwa ta watse. Dokar hana fita ta mai da magidanta gida tun rana tana sama, wasunmu a lokacin ne suka fara sanin yawan akuyoyin gidansu. Ɗaliban Habibu suka ɗauke ƙafa, ya rufe shago, ya kwaso kwamfutarsa ya dawo da ita soron gidansa. Mu muka koma jikin rediyo muna jin abin da ke ƙara mana hawan jini. Shi ya samo wa kansa wani aikin.

Ga yadda na fahimci aikin daga baya, bayan mai afkuwa ta afku. Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da wata uwar manhaja a can ciki, ita ce ke tsakanin ƙarfen da sauran abubuwan da muke latsawa. Akwai wata irinta da ba ta kowa ba ce, mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta ta, kowa yana iya karantawa, kowa yana iya aika gyara. A tsakanin umarnin da na'ura ke bi, marubutan sukan bar 'yan bayanai don ɗan'adam da zai zo bayansu, na'ura ba ta karanta su. To sai a canja umarnin a manta da bayanin, ya zauna shekaru yana nuna hanyar da aka riga aka toshe. Habibu ya taɓa ɓata kwana biyu cur a kan irin wannan, lokacin da yake neman dalilin da ya hana wata tsohuwar kwamfuta kama intanet. Bayanin ya ce kada a taɓa wuri kaza sai an riƙe wani makulli na cikin manhajar. Ya bi ya bi, ashe makullin an cire shi tun 'yarsa ta fari tana goye. Bayanin layi huɗu ne. Ya ƙudure a ransa sai ya ga bayansu.

Sunan wannan uwar manhaja da Turanci ma'anarsa ƙwayar cikin ƙwallo, kamar ta aduwa. Amma in aka furta shi, ba shi da maraba da Kanal na soja.

Wata rana da hantsi na shiga soron na same shi ya duƙufa, gilashi a kan hanci. Na ce, "Kai kuma me kake yi haka, kamar mai ƙirga gero?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Aikin kanal nake. Bayanan ƙarya sun yi masa yawa. Ni nake bi ina tantancewa, in na tabbatar sai in aika."

"Ka aika wa wa?"

"Na sama mana. Su suke yanke hukunci."

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na ƙara tambaya ɗaya da shi ke nan. Amma ni hedimasta ne na shekaru, ban saba in ce ban gane ba, balle a gaban taubashi. Na gyaɗa kai irin na manya, na fita ƙirjina cike da alfahari, wai danginmu sun samu shiga. Mutum ɗaya tak na faɗa wa, na kuma ce masa sirri ne. Matsalar ita ce mutumin Tanko ne mai aski, kuma ranar jajiberin Juma'a ce.

Magana zarar bunu ce. Kafin a sauko daga masallaci washegari, Habibu ya zama Na-Kanal daga Zaitawa har bakin kasuwa. Majalisarmu ta ƙofar gida, wadda a lokacin ta koma zaman hantsi saboda doka, ta canja hali. Alhajin da ba ya iya shan ruwa bai zagi gwamnati ba, da ya hango Habibu sai ya ɗaga murya yana yaba ƙoƙarin jami'an tsaro. Mai kayan miya ya riƙa cika masa leda da gyara. Masu babur suka riƙa rage gudu a ƙofar gidansa. Mutumin da ya shekara bai gaishe shi ba saboda rigimar magudanar ruwa ya zo har soro ya ce a yafi juna, duniya ba tabbas. Shi kuwa gogan bai san dawan garin ba. Ya ce mini, "Ka ga wannan fitina duk da sharrinta ta koya wa mutane ladabi." Na ce ƙwarai.

Hankalinsa yana can wurin wani mutum a wata ƙasar sanyi, wanda ke kula da ɓangaren da layukan nan huɗu suke, wanda in bai sa hannu ba gyara ba ya shiga. Habibu yana kiransa Sarkin Ƙofa. Gyaran farko da ya aika, Sarkin Ƙofa ya dawo da shi, wai manhajar imel ɗinsa ta ɓata tazarar da ke farkon layuka. Na biyu ya dawo, wai kan saƙon ya yi tsawo. Na uku ya dawo, wai ya haɗa gyara biyu a saƙo ɗaya, ya raba su. Na ɗauka zai yi fushi. Ina! Fuskarsa har ƙyalli take. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana gyara wa mutane rubutu suna tsaki, ga shi Allah ya haɗa shi da wanda ya fi shi ƙaƙale. Ya riƙa cewa a majalisa, "Na sama sun sake dawo da rahotona, sun ce in ƙara bincike." Sai ka ga kowa ya tuna ya bar wani abu a gida.

Yau in na ba da labarin ana dariya har da riƙe ciki. A lokacin dariyar ba ta daɗe ba. Kowa ya san abin da ke samun wanda aka laƙaba wa sunan infoma a waɗannan shekaru. Ba a kai shi kotu, ba a tambaye shi, a ƙofar gidansa ake samunsa. Ranar wata Talata matarsa Maimuna ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana jirana. Ta ce wasu mutum biyu da ba 'yan unguwa ba sun tsaya wurin mai kayan miya sun tambayi wanne ne gidan Na-Kanal, shi kuma Allah ya ba shi dabara ya ce bai san mai sunan ba. Ta ce, "Malam, kai ne ɗan'uwansa. Wane Kanal ne wannan? Ni ko kurtu ban taɓa ganin ya sani ba."

Ina fitowa na tarar da wata mata a bakin soro, ta durƙusa gaban Habibu. Hajara ce, matar Isa mai gyaran keke, wanda aka kwashe tare da wasu a wani samame wata biyu kafin nan, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Ta zo da ƙwai a ƙwarya. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka yi wa Kanal magana. Ko ba za a sake shi ba, a faɗa mini yana raye."

Ban taɓa ganin fuskar Habibu haka ba. Ya dube ta, ya dubi kwamfutar, sannan a hankali ya juyo ya dube ni. A nan na gane, shi ma a nan ya gane. Ya ce ta tashi, ya kira Maimuna ta shiga da ita ciki. Da muka rage mu biyu ya cire gilashinsa ya ce, "Wa ka faɗa wa?" Na ce Tanko. Ya ce, "Da ka kai gidan rediyo da ya fi rufin asiri."

Washegari da safe mai unguwa ya tara dattawa a zaurensa. Habibu ya zo rungume da kwamfuta, ni ina bayansa kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta. Ya buɗe ya nuna musu rubutu tsibi, fari a kan baƙi, ya yi bayani na kusan rabin awa. Babu wanda ya gane ko harafi. Wani dattijo ma ya ce ai irin rubutun asirin sojoji ke nan. Abin yana neman ƙara lalacewa, sai limaminmu, tsoho mai ƙarancin magana, ya ce a matso masa da ita. Ya sa Habibu ya nuna masa wanne ne umarni, wanne ne bayani. Da ya gani sai ya ce, "To ai wannan matani ne da hashiya."

Ya juya ga jama'a ya ce, duk wanda ya yi karatun zaure ya san littafi yana da matani a tsakiya, a gefe kuma akwai 'yan bayanan da malamai da ɗalibai suka ƙara. Ya ce shi kansa ya taɓa gadon wani kwafi na hannu da aka rubuta a gefensa "duba bayan ganye uku", alhali mai kwafin ya canja tsarin ganyayen, ya yi mako yana neman mas'alar da ba ta nan. Ya ce hashiyar da ta saɓa wa matani gara babu ita, domin ɗalibi ya fi yarda da ita a kan idonsa. Dattawa suka fara gyaɗa kai. Mai unguwa ya ce, "To Malam Habibu, su waɗannan mutane me suke ba ka?" Ya ce ba sa ba shi komai. "Sun san ka?" Ya ce a'a. "Sun karɓi aikin?" Ya ce sau uku suna dawo da shi. Mai unguwa ya numfasa ya ce, "Jama'a, wannan ba infoma ba ne. Wahalalle ne." Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Aka yanke cewa liman zai yi bayani bayan sallar azahar, Tanko kuma tunda bakinsa ya kai maganar, bakinsa zai dawo da ita, duk kan da ya aske sai ya zuba masa gyara. Habibu ya koma gidan surukansa a Gwale na wasu makonni har ƙura ta lafa. Mutanen nan biyu ba su sake dawowa ba, har yau ban san ko su wane ne ba, ba na kuma son sani. Ni kuwa hukuncina a hannun taubashi yake. Ya ba ni takarda da biro ya sa na rubuta kalmomin nan biyu na Turanci, ta soja da ta kwamfuta, sau hamsin hamsin, yana dubawa. Ni da na shekara talatin ina sa 'ya'yan mutane wannan horo.

Hajara ce ya kasa mantawa. Kanal dai ba shi da shi, amma ya iya rubutu. Daga can Gwale ya zauna ya tsara mata takardar koke, ya tantance sunan mijin, ranar da aka tafi da shi, wurin, da shaidun da suka san sana'arsa, babu ƙari babu ragi. Shi da wan Isa suka yi ta yawo ofis-ofis, a ce su dawo gobe, a ce ba nan ba ne, a ce takardar ta ɓata. In ta ɓata sai ya sake bugawa. Ya ce mini Sarkin Ƙofa ya riga ya koya masa yadda ake jure wa a dawo maka da takarda. Bayan watanni aka saki Isa tare da wasu, ya dawo a rame, amma da ƙafarsa. Ko takardun ne suka yi aiki, ko kuwa lokacinsa ne ya yi, Allah kaɗai ya sani, Habibu kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Sai dai unguwa ta yanke nata hukuncin: ashe dai akwai Kanal ɗin, ɓoyewa ake yi. Duk aikin liman da na Tanko ya bi ruwa. Sa'ar da aka yi, wannan karon sunan ya zama na alheri, har ya koma ga Allah da Na-Kanal ake kiransa, ya gaji da gyarawa ya riƙa amsawa.

A tsakanin wannan zirga-zirga ne amsa ta huɗu ta zo daga ƙasar sanyi. Kalma biyu ce, ma'anarsu an karɓa, an gode. Habibu ya saya wa majalisa tsire. Ana ci wani ya tambaye shi me ya ƙara a cikin wannan babban aiki na duniya. Ya ce bai ƙara komai ba, layi huɗu ya rage. Mai tambayar ya dubi tsiren da ke hannunsa ya ce to Allah ya ƙara ragewa. Bayan nan ya aika wasu gyare-gyaren irin wannan, an karɓi wasu an ƙi wasu, har ciwon suga ya ci ƙarfin idonsa, daga baya ya ci ƙarfinsa gaba ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shingaye sun tafi, gari ya cika ya batse, kowa da waya a tafin hannu. Ina jin da zai yi murna ya ga mai kayan miya yana latsa abin da ke ɗauke da irin manhajar da ya yi wa hidima. Amma murnar ba za ta kai azahar ba. A zaurukan waya na danginmu kullum sai an turo sanarwar cigiyar wanda aka gani tun shekara biyar, da gargaɗin ambaliyar da ta riga ta janye, da hoton gobarar wata ƙasa an ce yanzu-yanzu a bakin kasuwa. Ba mai gogewa, kowa turawa yake. Na tabbata da tuni an cire shi daga kowane zaure saboda yawan tambayar "Wannan na yaushe ne?" An ce mini ma yanzu na'ura da kanta take rubuta umarnin da bayanin duka. Ban san ko takan koma ta duba abin da ta faɗa bara ba. In ba ta yi, to ta yi kama da mu.

Kwanan baya 'yarsa Fa'iza, wadda ta gaji sana'arsa har ta wuce shi, ta zo gaishe ni da 'ya'yanta. Na ce ta nuna mini aikin babanta a cikin abin nan, in gani da idona ko sau ɗaya. Ta buɗe, ta yi ta gangarawa, ta tsaya ta sa yatsa tsakanin wasu layuka biyu ta ce, "Baba, ga shi nan." Na gyara gilashi na ce ban ga komai ba. Ta ce, "Ai shi ke nan aikin." Sannan ta buɗe wani kundi inda ake ajiye tarihin kowane gyara, ga sunansa, ga dalilin da ya bayar a jimla biyu: makullin da ake magana an daɗe da cire shi, bayanin yana ɓatar da mai karatu.

Na daɗe ina kallon wurin. Yawancinmu so muke mu bar abin da za a nuna, gini ko suna ko magana, kuma rabin abin da muke bari sai wani ya sha wahalar kwashewa. Habibu bai bar gidan sama ba, shagonsa ma yanzu ana sayar da takalma a ciki. Amma wani mutum a wata ƙasa, da ba zai taɓa jin sunan Zaitawa ba, ya bi ta wurin nan ya wuce salin-alin bai ɓata kwana biyunsa ba, bai kuma san akwai wanda zai gode wa ba. An karantar da mu cewa kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, ba a ce sai mai wucewa ya san wanda ya kawar ba. Allah ya karɓa masa, ya yafe masa kurakuransa, ya shafe su shafewar da ko mai neman su ba zai ga gurbinsu ba.